Warin da na ji a akwatin ordinatarki

Magariya, Laraba da hantsi

Ta Inna,

Assalamu alaikum. Lokacin da za ki buɗe wannan takarda, ina fata kin sauka Dogo-Dogo lafiya, mai mashin bai zubar da ke a rairayin hanya ba, kuma waɗanda suka tarbe ki sun ba ki ruwa kafin su fara tambayar 'yar gidan wa ce. Allah ya tsare ki a garin da ba naki ba, ya haɗa ki da mutanen kirki. Babanki yana gaishe ki. Kakarki Inna ta ce kada ki sha ruwan rijiyar da ba ki ga 'yan gari suna sha ba.

Kin san ba na iya zaunar da ke in yi miki doguwar magana. Na yi shekara huɗu a jami'a a Yamai, na rubuta da hannuna a jarrabawa cewa kunyar ɗan fari al'ada ce da zamani zai shafe, aka ba ni maki mai kyau. Ga shi kin kai shekara ashirin da biyar bakina bai taɓa kama sunanki ba. Takarda dai ba ta da kunya, shi ya sa na ɗauko ta.

Jiya da la'asar kin kunna ordinatar, wato kwamfutar, da kika haɗa da hannunki, don ki nuna wa babanki yadda take aiki. Ƙaramin baƙin akwatin nan da bai fi kwalin takalmi ba. Ina gefe ina tsintar shinkafa, ban ɗaga kai ba, amma hancina yana wurinku. Bayan kamar rabin awa na ji shi. Wari ne siriri, irin na ledar da aka ajiye kusa da murhu, ba ta kama ba tukuna, tana dai shawara.

Na ce wa babanki, "Malam, tambaye ta ko ba ta jin wani wari."

Ya juya ya ce, "Mamanki ta ce ko kina jin wari."

Kika ce, idonki a kan allo, "Baba, ka ce mata sabon kaya ne, haka sabo yake yi."

Ya juyo gare ni, sai ka ce ina Kano, ya ce, "Ta ce sabo ne."

Na ce to, na koma kan shinkafata.

Ba warin sabunta ba ne. Daga alimantasiyo yake fitowa, ɗan akwatin ƙarfen nan na ciki da ke karɓar kuran, wutar lantarki, ya raba wa sauran kayan. Yana yin zafi fiye da yadda zai iya fitarwa. A inuwar tsakar gidanmu ke nan, da la'asar. Can kuwa an ce biron, wato ofishin da za su ba ki, rufin kwano ne, ga shi muna tsakiyar bazara.

Ordinata ƙarfe ce, in ta mutu wata za ta zo. Abin da za ki zuba a cikinta ne ya sa na kasa zama. An ɗauke ki aiki ki ɗauki hoton takardun gonakin mutane kafin ruwan farko, tun ba a fara rigimar iyaka ba. Tsofaffi za su zo a kan jakuna daga ƙauyuka, su kwance tsumma su fito da takardar gado ko ta saye wadda gara ta ci gefenta, wata in an buɗe ninkinta sau ɗaya ba za ta ƙara ninkuwa ba. Za su miƙo miki, ki ɗauka, su koma gida suna cewa yanzu kam gonar ta shiga na'ura, babu mai taɓa ta. Daga ranar za su daina tattalin takardar, saboda sun bar miki amanar. In akwatin nan ya ƙone da gonakinsu a ciki, ba za su sani ba sai ranar da maƙwabci ya matsar da iyaka suka zo neman shaida.

Na taɓa riƙe irin wannan amana, kuma na ƙona ta. Ba ki san labarin ba, kina goye lokacin. Zan faɗa miki yadda na yi, daki-daki, don ba rana ɗaya na yi shi ba.

Ina koyar da Faransanci a wata koleji a ƙasar Sassumbrum aka kawo mana ordinata. Ita ce ta farko a makarantar. Direkta ya tara mu ya tambaya wa ya taɓa taɓa irinta, na ɗaga hannu, shi ke nan na zama gwanar na'ura. Gaskiyar ita ce sau biyu na taɓa zama gaban wata a Yamai, kuma ɗaya daga ciki a kashe take. Ita ma akwatinta ƙarami ne, kwance, ana ɗora allo a kanta.

Na ɗauke ta kamar kayan ɗakin amarya. Kin san mu, abin da muke ji da shi rufe shi muke yi: kwanon miya da faifai, rediyo da ƙyalle, keken ɗinki da zane. Na yi sati biyu ina saƙa mata riga da ulu ja da kore, da tuntaye a gefe. Riga ce da ta sauka har ƙasa ta ko'ina, na bar ƙofa ɗaya daidai maɓallin kunnawa. Ko tana aiki ba na cirewa. Na kuma tura ta ta manne da bango don kada a yi tuntuɓe da wayoyi. Matan malamai suka riƙa zuwa kallon saƙar, wata ma ta ari samfuri. Da zafi ya shigo, sai ordinata ta fara kashe kanta wajen azahar. Na ce gurup ne, injin wutar makarantar, ba ya ba da wuta daidai. Mai kula da gurup ya rantse ya maya, ban yarda ba, saboda ni ce mai digiri.

To ki ji. Duk ƙofofin nan da ke jikin akwati ba ado ba ne, ta wasu iska ke shiga, ta wasu take fita da zafi. Ki zare zare ɗaya daga bakin ɗankwalinki ki riƙe a gaban kowace ƙofa tana aiki. Inda zaren ya manne, nan take shaƙa. Inda ya tashi, nan take hurowa. Ki san su kamar yadda kika san ƙofar ɗakinki. Kada ki ɗora komai a kanta, ko dosiyen takardu ɗaya, ko hijabin da kika cire don zafi. Ki bar taƙi guda tsakaninta da bango ta baya. A kan tabur ɗin da kike rubutu za ki ajiye ta, ba a ƙasa ba, ba kan tabarma ko matashi ba. Za a sami wata mai kirki a gidan da kika sauka da za ta kawo miki ƙyalle mai kyau don rufe na'ura. Ki karɓa, ki yi godiya sosai, ki rufe kwanon abincinki da shi.

Kuskurena na biyu ya fi wannan muni, domin a nan na sani. Aka yi sata a wata makaranta kusa da mu, direkta ya tsorata. Ya kira kafinta ya yi wa ordinata kabad na katako mai kauri, daidai jikinta kamar an auna mata likkafani, da kwaɗo a gaba da ƙaramin rami a baya na wayoyi. Ranar da aka sa ta, na tura hannu ta ramin bayan awa ɗaya, na ji iskar ciki kamar ta bakin tanderu. Zafin da take fitarwa shi take sake shaƙa, babu inda zai je.

Direkta yana tsaye yana jinjina kwaɗo, ya ce, "Madam, yanzu fa hankali ya kwanta ko?"

Dattijo ne, sa'ar mahaifina, ya kashe ƙarfinsa ya yi abin kirki, malamai maza suna tsaye suna yabawa. Na zare hannuna daga ramin na ce, "Ya kwanta, ranka ya daɗe."

Su ma can za su so su kulle taki, kuma suna da gaskiya, ɓarayi ba su ƙare ba. Ki faɗi maganarki ranar farko, kafin a sayi katako, domin in dattijo ya riga ya biya kafinta, gyara ya zama raini. Ki ce a yi mata keji na raga, irin wanda ake ajiye abinci a ciki don ƙudaje, gaba da baya duk raga, ko a ɗaure ta da sarƙa a ƙafar tabur. Ki faɗa da ladabi, ki durƙusa ma in ya kama, amma ki faɗa. Ni na zaɓi a ce ina da tarbiyya, kuma an faɗa. Har yau in na haɗu da iyalan mutumin suna yabon tarbiyyata.

Da kashe kanta ya yawaita, sai na yi abin da har yanzu in na tuna nake duba ko wani yana kallona. Na ga yadda ake naɗa wa tulu jiƙaƙƙen buhu ruwa ya yi sanyi, na ce ai ilimi ɗaya ne. Na jiƙa buhun gyaɗa na shimfiɗa a kan kabad, ina yayyafa masa ruwa da buta duk bayan awa. Tulu yana gumi ta jikinsa, katako ba ya yi. Abin da na samu shi ne katako ya kumbura, ƙofar ta daina rufuwa sai da duka, danshi kuma ya shiga ciki ya haɗu da ƙura ya zama laka. Kada ruwa ya kusanci wurin, ko a buhu, ko a kofi, ko a randar da za su so su ajiye miki kusa don karamci. In zafi ya yi yawa, kashe ta za ki yi. Ki fara aiki da sassafe, ki tsaya in rana ta take, ki koma bayan la'asar. Tsohon da ya zo daga nesa zai yi ƙorafin jira. Ki ba shi inuwa da ruwa, ya yi ƙorafinsa.

Akwai fanka ƙarama a cikin alimantasiyo, ita ke fitar da zafinsa. Tamu ta fara kuka, wani siririn kuka kamar na sauro a kunne, daga baya ya koma gurnani. Wata biyu ina fama da ciwon kai. Ran nan na kunna da safe na ji tsit. Allo ya kawo, komai yana tafiya, babu ƙara ko kaɗan. Wallahi har hamdala na yi. Na ce wa abokiyar aikina ta warke da kanta. Fankar ce ta tsaya. Kwana tara na yi ina aiki cikin wannan shirun ina jin daɗi, warin leda yana tashi kaɗan-kaɗan, ina cewa yara ne ke ƙona shara a bayan aji.

Kowace safiya, kafin ki karɓi takardar kowa, ki sa bayan hannunki a inda alimantasiyo ke hurowa. Iska mai ɗumi tana taɓa ki, lafiya. Iska mai zafin da ba ki iya barin hannu, ki rage aiki. Babu iska sam, ki kashe nan take, ko wane ne ke zaune a gabanki, ko mai gari ne. Na'urar da ta yi ta ƙara ta dawo ta yi shiru ba sauƙi ta samu ba.

A cikin kwanakin nan tara nake shirya sunayen ɗalibanmu masu jarrabawar fita koleji. Kowane yaro sai an rubuta sunansa da ranar haihuwarsa da garinsu daidai da takardar haihuwarsa, harafi da harafi, in ya saɓa ba zai zauna ba. Iyaye suka kawo takardun, na shigar, na mayar musu, domin kowa yana tsoron tasa ta ɓata a biro. Ni ce ma nake ce musu su tafi da abinsu, ai ya shiga na'ura. Ban buga a takarda ba, ina jira in kammala in buga sau ɗaya saboda tawada ta yi ƙasa. Ban kwafa a ko'ina ba. Ranar Alhamis motar ansifekta, mai duba makarantu, za ta biyo bayan azahar ta karɓi sunayen ta wuce da su Damagaram, kuma daga ranar an rufe.

Alhamis ɗin, wajen sha biyu, saura suna uku in gama. Na ji ɗas, kamar an taka busasshen kara. Allo ya yi baƙi. Hayaƙi siriri ya fito ta ramin wayoyi. Mabuɗin kwaɗon yana aljihun direkta, direkta yana kasuwa. Na zare waya daga bango na tsaya ina kallon kabad, buhuna a kai yana ɗiga.

Muka koma alƙalami da takarda. Yaran cikin gari suka ruga gida suka ɗauko takardunsu, malamai huɗu muna kwafa da hannu, direban ansifekta yana danna oda a waje. Akwai wata yarinya, Hadiza, ta fi kowa a ajin, irin waɗanda malami ke shirya darasi da kyau saboda tsoron tambayarsu. Ƙauyensu tafiyar rabin yini ne, takardarta kuma ta koma can cikin akwatin babanta. Na tambaye ta ranar haihuwarta, ta ce ita dai an ce da kaka ne. Ni na shigar da ita sati ɗaya da ya wuce, na ga kamar ina tunawa. Na rubuta abin da na ga kamar ina tunawa. Da na bar layin fayau na bi motar da bayani, wataƙila da an yi mata uzuri. Amma layi babu komai yana nuna gazawar Madam, layi a cike kuwa ba ya nuna komai sai daga baya.

Ranar jarrabawa aka duba takardarta aka duba sunayen, wata ya saɓa, shekara ta saɓa. Aka ce ta tsaya a waje a bincika. Tana tsaye a waje da fensirinta biyu har aka tashi.

Saboda haka duk yammacin duniya, kafin ki rufe biro, ki kwafe aikin ranar a kile biyu, 'yan ma'ajin nan da ake sokawa a jikin na'ura. Ɗaya a jakarki, ɗaya a hannun wanda ba ya kwana a inda na'urar take. Ba sai kin gama ba, ba sai ya yi kyau ba. Kuma kada ki taɓa ce wa mai gona ya kwantar da hankalinsa ya shiga na'ura. Ki ce ya mayar da takardarsa cikin tsummanta, ya sa a gwangwani mai murfi, ya ci gaba da tsaronta kamar ba ki zo ba. In wani abu ya ɓace miki, ki bar gurbinsa a buɗe. Kada ki cike iyakar gonar mutum da abin da kika ga kamar kina tunawa.

Na ɗauki gawar ordinatarmu na kai Damagaram wurin wani mai gyara, Malam Ilya, mutum mai ƙaramar murya da ba ya gaggawa. Ya kwance, ya ciro alimantasiyo, ya shinshina, ya haska fitila ta ragar fankar. Ya sa ɗan tsinke ya zaro wani dunƙule. Rabinsa gidan zanzaro ne, rabinsa gashin ulu.

Ya ce, "Madam, ja da kore. Wa ya yi saƙar?"

Na ce, "Wata ce a makarantar."

Ya ce, "Ta iya saƙa." Ya ajiye dunƙulen a gabana, ba a kwandon shara ba. "Wannan ba ƙonewa ta yi ba, dafa ta aka yi, a hankali, da murfi a rufe."

Na tambaye shi sunayen. Ya ce lokacin da alimantasiyo ya tashi mutuwa ya tura wuta mai yawa cikin sauran kayan, ya tafi da diski, inda sunayen suke ajiye. Wani yakan mutu shi kaɗai, wani sai ya ja na kusa da shi. Na miƙa hannu zan buɗe alimantasiyon in ga cikinsa, ya buge mini yatsu da turnabis ɗin da yake kwance ƙusa da shi, bai ko ba ni haƙuri ba. Ya ce akwai wuta a kwance a ciki ko an zare waya, tana iya kayar da babba. Ke ma ki riƙe wannan. Akwatin waje naki ne, ki buɗe ki share. Alimantasiyo kuwa ba a buɗe shi, ana hura masa iska ta raga ne kawai. Famfon keke ya isa, duk ranar Juma'a, a kashe, a zare waya, ki tokare fankar da tsinke don kada ta yi ta juyawa a banza. Ki duba zanzaro. Yana son rami mai ɗumi, kuma kwana biyu sun ishe shi gini.

Baban Hadiza ya zo makaranta bayan sati. Dogo ne, da sandarsa, ya tuɓe takalmi a ƙofar biro duk da na ce ya bari. Ya ce ya zo ya ji abin da ya faru ne, ba ƙara ya kawo ba.

Na ce, "Baba, wuta ce ta lalata na'ura."

Ya ce, "Wutar gurup?"

Na ce, "Ita."

Ya ce, "To, Allah bai nufa ba. Ke dai kin yi ƙoƙarinki, Madam. Yarinyar kullum tana zancenki."

Ya sa mini albarka ya tafi. Na bar gurup ya ɗauki rabi, ƙaddara ta ɗauki rabi, ni na tashi da albarka. Na ce a raina baɗi za ta zauna, zan rubuta sunanta da hannuna. Damina ba ta yi kyau ba a shekarar, gidansu suka tafi cin rani, ba ta dawo aji ba. Yanzu tana sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a kasuwar Sassumbrum, da 'ya'yanta, da rufin asirinta. Duk lokacin da na je sai ta taso ta rungume ni ta ce wa maƙwabtanta ga Madam ɗinmu, ta ƙulla mini ƙuli ta hana ni biya. Kin sha cin sa. Kin ma taɓa cewa ya fi na kowa daɗi.

In abu ya lalace a hannunki, ki faɗa da bakinki a ranar, ki faɗi naki kason. Za su ji haushi, wani zai ɗaga murya, amma za su dawo da takardunsu a sake tun da sauran lokaci. Mutanenmu suna da saurin yafe wa ƙaddara, shi ya sa ake yawan jingina mata kayan wasu.

Yanzu naki akwatin. Bayan abin nan na koma wurin Malam Ilya sau da yawa, na koyi abin da ya kamata in sani tun farko, na yi shekaru ina kula da na'urorin makarantu uku ba wadda ta sake mutuwa a hannuna. Don haka ba tsintar shinkafa kaɗai na iya ba. Yau da safe, da kika fita sallama da dangi, na buɗe shi.

Aikinki yana da tsabta, ban yi mamaki ba. Amma kin zaɓi ƙaramin akwati don ya hau mashin, kuma ƙaramin ɗaki ba ya yafe kuskuren zama. Kin ɗaura alimantasiyo fankarsa tana kallon murfin gefe, murfin kuma sumul yake babu ƙofa ko ɗaya, tsakaninsu ɗan yatsana bai shiga ba. Ta ina zai shaƙa? Ɗan abin da yake samu shi ne zafin da fankar tsakiya ta riga ta kwaso daga kan sauran kayan. Ragowar wayoyin kuma kin dunƙule su kin cusa a gaban ƙofar shigar iska, don kada su ɓata wa ido. Na gane wannan hannun, irin nawa ne. Ga diski biyu kin sa, ga sikana mai ɗaukar hoton takardu da za ki jona, alhali alimantasiyon ƙarami ne, lambar da ke jikinsa da ƙyar ta ɗauki abin da kika ɗora masa. Wanda ke aiki a ƙarshen ƙarfinsa ya fi kowa zafi. In kin sami hali ki nemi wanda ya fi shi, a bar masa sarari. Kafin nan kada ki jona abin da ba ki amfani da shi a lokacin.

Na so in juya shi, ramukan bis ɗin, ƙusoshin da ake murɗawa, ba su yarda ba, gefe ɗaya kawai yake zama. Na ja wayoyin na ɗaure su a jikin ƙarfe, sun bar hanya. Sauran murfin.

Na tsaya da shi a hannu na daɗe. In na mayar na bar miki wasiƙa kawai, na san abin da zai faru. Za ki karanta, ki ce Mama da tsoronta, ki ce sai an sami lokaci, tsofaffi kuma suna layi tun gobe. Ni ma haka zan yi, haka na yi. Saboda haka ban mayar ba. Na naɗe akwatin a bargo yadda kika bar shi na sa a kwali na ɗaure, kuma da hannunki za ki ɗora shi a mashin ba ki sani ba.

Murfin yana wurin mai walda na bakin tasha. Na zana masa da alli daidai inda fankar take, faɗin tafin hannu, na ce ya huda ƙananan ramuka kusa da kusa, ya goge bakinsu.

Ya juya shi ya ce, "Hajiya, wannan sabo ne fil. Me ya yi miki?"

Na ce, "Bai yi ba tukuna."

Ya ce sai jibi, aiki ya yi masa yawa. Zan ba direban motar da ke zuwa ranar kasuwarku ya kawo miki. Bis huɗun suna ƙulle a bakin ɗan ƙyalle cikin kwalin, kada ki zubar. Akwati a buɗe ma ba daidai ba ne, ƙura da tsaka za su shiga, iska kuma ba ta bin hanyarta. Shi ya sa za ki ga sabuwar rariyar tankaɗe a ƙasan kwalin, ba ta tuwo ba ce. Ki jingina ta a gefen da babu murfi, ki ɗaure da zare, ta riƙe miki kwanakin nan. In murfin ya zo, ki yanke ragar rariyar ki manna a bayan ramukan ta ciki.

Na san fentin murfin nan kika fi so a duk akwatin, na ga yadda kike goge shi da gefen mayafi. Zai dawo miki da ramuka, wataƙila ma ba a layi ɗaya ba, don mutumin ƙofofi yake yi. Na taɓa kayanki ba da izini ba, na ɓata abin da kika yi da hannunki, kuma na yi shi a ɓoye kamar ɓarauniya. Ki yi fushi, kina da hakki. Ki kira babanki ki faɗa masa duk abin da ke ranki, zai isar mini, ba ya rage komai. In kin ga dama kada ki gaishe ni har damina ta faɗi. Zan iya ɗaukar wannan. Wani dattijo ya tuɓe takalmi a ƙofar bironki ya sa miki albarka a kan gonar da kika ƙona masa, shi ne ba na so ki ɗauka.

Allah ya kai ki lafiya ya dawo da ke lafiya. Ya tsare ki daga zafin rana da sharrin hanya, ya tsare abin da mutane za su damƙa a hannunki har ki mayar musu da shi cikakke. Ya ba ki bakin faɗin gaskiya tun tana da amfani. Amin.

Mamanki